Salansar Golf 6 GTI ta ruɓe: in mayar da ta kamfani ko in sa mai faɗi?

Mai_Golf_Shida:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san motoci masu turbo, don yau sati uku ke nan ina juya maganar nan a raina, kuma duk wanda na tambaya sai ya ja ni wani gefe daban.

Motata Golf 6 GTI ce ƙirar 2012, 'yar Amurka, injin lita 2 mai turbo, giyar DSG mai canza kanta. Shekara biyu tana hannuna. Tun ranar da na saye ta wutar cek take kunne. An jona mata kwamfuta ta nuna lambar matsala P0420, bakanikena ya ce ba wani abu ba ne, in ci gaba da hawa, na kuwa ci gaba. To wata Juma'a ina dawowa daga Zariya, na wuce Kwanar Dangora kaɗan, sai na ji ƙarar bayan motar ta canza, kamar yaro na buga garwa. Washegari muka hau da ita rami. Tukunyar salansa ta baya ta ruɓe ta wajen ɗinki. Na sa babban yatsa na danna, ƙarfen ya burma kamar busasshen ganye, tsatsa ta zubo mini a hannun riga. Bakaniken ya ce gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ya cinye ta tun can. Da muka kwance ta gaba muka haska tocila cikin indomi, wato tukunyar da ke tace gubar hayaki, wayam. An fasa an kwashe tun kafin motar ta zo hannuna. A ranar na gane dalilin wutar nan, na kuma gane warin da uwargida take ƙorafi a kai duk lokacin da muka tsaya a cunkoso.

Tunda canji ya zama dole, hanya uku ce a gabana. Ko in shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano in nemo ta kamfani 'yar Beljiyam, daga turbo har baya, in mayar yadda take. Ko in ba mai walda ya haɗa mini bututu mai inci 3 miƙaƙƙe, wanda shi ne mafi araha, kuma samarin garejin duk shi suke zuga ni a kai. Ko kuma in sa ƙanina da ke karatu a Ingila ya saya mini salansar kamfanin Milltek ko Scorpion ya turo ta kago, wanda in an haɗa da kuɗin jirgi da canjin fam zai ci abin da na tara don fenti da sababbin tayoyi.

Ba zan ɓoye muku ba, ina son motar nan ta yi murya. Don haka ma na sayi GTI ban sayi Corolla ba. Ina son in na taka totur in ji gurnani mai kauri, in giya ta canza in ji wannan "bup" ɗin. Amma layinmu matsattse ne, duk Litinin ina fita bayan sallar asuba zuwa Kaduna, kuma tagar wani dattijo maƙwabcina tana kallon garejina. Sau biyu a wata kuma iyali na bin ni, yara biyu a kujerar baya, tafiyar sama da kilomita 200.

Tambayata: inci 3 yana ƙara ƙarfi da gaske ko ƙara ce kawai? In mayar da indomi ko in bar ta haka? Kuma wanda ya taɓa sa irin waɗannan na waje, yaya suke a doguwar tafiya? Allah Ya saka da alheri.

GTI_Birnin_Tarayya:

Wa alaikumus salam Oga. Ai Allah ne Ya kawo maka dama. Ni Golf 7 nake hawa, na cire komai tun daga turbo har bamba, inci 3, ba indomi, ba tukunyar tsakiya, aka yi mata tunin siteji 2, wato aka sake tsara kwamfutar injin don ƙarin ƙarfi. Wallahi kamar an canza mini mota. Turbo tana tashi da wuri, kana jin fitonta, in ka ɗaga ƙafa tana harbi. Kada ka saurari masu cewa injin yana buƙatar matsin hayaki, wannan maganar motocin da ba su da turbo ce, kuma can ɗin ma ba daidai suke faɗarta ba. Turbo so take hayaki ya fice ba tare da wani abu ya tare shi ba. Lissafa ka gani: daga inci 2.5 zuwa inci 3 girman bakin ramin ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Indomi kuwa kuɗi ne kawai za ka zuba, gobe wani ya sake fasawa ya kwashe. In kana shigowa Abuja ka yi mini magana mu je Apo ka ji tawa da kunnenka.

Tsohon_Bakanike:

Wa alaikumus salam ƙanina. Na daɗe ina kwanciya ƙarƙashin motocin Jamus, bari in ba ka abin da na gani, ka auna da kanka.

Abin da ɗan'uwanmu na Abuja ya faɗa kan matsi gaskiya ne. Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaki ya bugi ta farko ya juya ta, ta biyu ta tura iska cikin injin. Abin da ke juya ta farkon shi ne bambancin matsi tsakanin gabanta da bayanta, don haka duk abin da ya rage matsi a bayanta ya taimake ta. Sai dai tambayar ita ce, ina matsin yake? Ka tuna fitowa daga masallacin Juma'a. Turmutsutsun yana bakin ƙofa ne. Ko ka faɗaɗa titin da ke gaban masallacin ya zama layi shida, mutane ba za su fi haka saurin fita ba. Ƙofar a motarka ita ce bututun farko da ya fito daga turbo, wanda ake kira dawunfayif, inda indomi yake. Duk abin da ke bayan indomi, wato katbak, shi ne titin. Katbak na canza murya, yana rage ɗan nauyi, yana gyara kwalliyar baya, amma ƙarfin da yake ƙarawa a motar da ba a taɓa kwamfutarta ba bai kai wanda za ka ji a kujera ba. Kashi 44 ɗin nan lissafi ne na gaskiya, amma injin da ke ba da ƙarfin doki 200 bai cika bututun kamfani ba tukuna, balle ya nemi ƙari.

Kuma kai kanka shaida ne. Shekara biyu kana hawa ba indomi. Ƙofar a buɗe take tun ranar da ka sayi motar. Ka ji ta fi sauran GTI gudu? Ba ka ji ba, domin kwamfutar motar tana da iyakar iskar da aka ce ta nema, in ta kai sai ta buɗe ƙofar gefe ta turbo ta zubar da sauran hayakin. Abin da ya canza motar ɗan'uwanmu tunin ne, bututun ya ba tunin ɗin fili ne kawai.

To tunin ɗin fa? Nan nake jan kunnen mutane. Kamfanonin da ke yin siteji 2 na Golf 6 suna tallata sama da doki 250, kuma yana kaiwa, amma a kan mai mai oktan 95 ko 98 suka tsara shi (oktan shi ne ma'aunin yadda mai ke jure matsi ba tare da ya kama da kansa ba), a ƙasar da ake sanyi. Namu na gidan mai wajen 91 ne in an samu mai kyau, kuma ba kullum ake samun mai kyau ba. Ka haɗa da zafin Kano a watan Afrilu, sama da digiri 40, iskar da turbo ta matsa ta shiga intakula mai sanyaya ta, ta fito da ɗumi. Mai ya fara kamawa kafin lokacinsa, sensa ta ji ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja baya don ta ceci injin. Ka biya kuɗin doki hamsin, rana ta ƙwace rabinsu. Ranar da kwamfutar ta kasa ceto kuwa, fistin ne zai biya. Na taɓa buɗe injin irin naka na wani yaro da aka yi wa tunin da laftof a bakin titi, gefen fistin na uku ya ɓalle kamar an gutsura ƙuli-ƙuli. In za ka yi tunin, sai wanda zai tsara shi kan manmu, ya hau motar da kai ya duba abin da take yi cikin zafin rana. In babu shi, bar kwamfutar yadda take.

Indomi kuwa ka mayar. Ba don wutar cek kaɗai ba. A cikinsa akwai saƙar zuma da aka shafa wa filatinam da faladiyam da rodiyam, su ne dalilin da ake sace shi, su ne kuma ke ƙone gubar hayaki kafin ya fita. Warin da maiɗakinka take ji ɗanyen mai ne da bai ƙone ba. Wanda ba ta ji shi ne ya fi haɗari, irin hayakin janareta da ke kashe mutane a ɗaki, ba shi da wari ba shi da launi. Golf ba ta da bango tsakanin but da kujerar baya, iska kuma tana murɗawa a bayan motar ta dawo da hayaki ta duk inda robar ƙofa ta saki. 'Ya'yanka ne ke zaune a wajen. Masu ce maka a sa ɗan ƙarfe a ɗaga sensar baya don wutar ta mutu, wutar kawai suka kashe, hayakin yana nan.

Akwai indomi na masu son gudu, mai ramuka 200 a kowane inci murabba'i maimakon 400 zuwa 600 na kamfani. Yana rage wari sosai, amma sau da yawa P0420 na dawowa in ba a yi tunin ba. Tunda ba tunin za ka yi yanzu ba, nemi na kamfani.

Abu ɗaya ka duba kafin ka sayi komai. Golf 6 GTI 'yan Amurka injinsu iri biyu ne, CCTA da CBFA. CCTA sensar hayaki biyu gare shi, CBFA uku, don an yi shi ne saboda dokar hayaki ta Kalifoniya. In ka sayo bututun da bai dace ba za ka tsaya da sensa ɗaya a hannu ba inda za ka ɗaura ta.

Direban_Dare:

Malam, ni kan doguwar tafiya kaɗai zan yi magana, don ita na sha. Na sa bututu miƙaƙƙe ba tukunyar tsakiya a motata. A cikin gari daɗi, kowa na waiwaye. Ranar da na fara hawa hanyar Kaduna da ita, daga na daidaita gudu, allurar juyin inji ta zauna tsakanin 2,500 da 3,000 a minti, sai wani "wuuuu" ya cika motar. Ba ƙara ce mai tashi da sauka ba, guda ɗaya ce ta tsaya cak, kana jin ta a ƙirji da cikin haƙora. Injin mai silinda huɗu yana harbi sau biyu a kowane juyi, a 3,000 ke nan sau 100 a daƙiƙa, kuma irin wannan ƙaramar murya ita ce bayan mota ke amsawa kamar cikin ganga. Mahaifiyata na ɗauko a ranar za mu asibiti. Ba ta ce komai ba har muka wuce Jaji, sai na hango ta a madubi ta cusa gefen mayafi a kunne ta rufe ido. Na rage gudu zuwa 80 har muka isa. Satin nan na mayar da tukunyar tsakiya.

Duk wadda za ka saya, ka tabbatar mai rezoneta ce, wato tukunyar tsakiyar nan. Milltek da Scorpion duk suna yin iri biyu, mai ita da marar ita, kuma a hoto kusan ɗaya suke, sai ka karanta da kyau. AWE ta Amurka ma haka, mai natsuwar ita suke kira Touring. Kada ka yanke hukunci da bidiyon YouTube, waya ba ta ɗaukar wannan gunjin. Ka nemi mai irin motarka ya ɗauke ka, ka zauna a kujerar baya, gilashi a rufe, ku yi minti goma a kan babban titi.

Mai_Walda_Panteka:

Sannunku da ƙoƙari. Baba Tsohon Bakanike ya gama magana kan injin, ni zan ƙara kan ƙarfe, don sana'ata ce.

Ba dole sai ka aika Ingila ba, amma kuma ba kowane mai walda za ka ba aikin nan ba. Abu na farko lanƙwasa. Injin lanƙwasa bututu da yawancinmu muke da shi matse ƙarfen yake yi, gwiwar ta tsuke ta yi ƙwarya-ƙwarya. Sai ka ga an sayar maka da inci 3, amma a kowace gwiwa bai fi inci 2.5 ba. Na waje ana lanƙwasa su da sanda a ciki, faɗin ba ya raguwa. Mai aikin kirki a nan gwiwoyi shiryayyu yake saya ya jona. Ka ce ya nuna maka su kafin ya fara.

Na biyu irin ƙarfen. Sitenles iri biyu ake yin salansa da shi. Akwai 304, mai yawan kuromiyam da nikel, yana sheƙi, ba ya tsatsa, in ya sha zafi sai ya yi ruwan zinariya. Akwai 409, yana yin jar tsatsa a sama amma ba ya saurin ruɓewa. Ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu, na tsohuwar sifika ma ya isa. Yana kama 409 gam, 304 kuwa ba ya kama shi sai ɗan kaɗan a wajen gwiwa. Da haka za ka gane tukwanen da ake zana wa sunan manyan kamfanoni a sayar da tsada. A ganina mu nan Arewa 409 ya ishe mu, ba gishiri a titi, ba iskar teku irin ta Legas. Abin da ke cin salansa a nan ruwan da ke taruwa a cikinta ne in mota ba ta yin tafiyar da za ta yi zafi sosai, kai kuwa kana zuwa Kaduna duk sati.

Na uku walda. Sitenles waldar argon yake so. In aka yi masa ta kabayid ɗinkin ne zai fara tsatsa ya tsage. Kada kuma a cire filesibul, wato gaɓar nan mai lanƙwasuwa da ke bututun farko. Injin Golf a gicciye yake, yana rausayawa gaba da baya duk lokacin da giya ta shiga, in babu abin da zai lanƙwashe sai ƙarfin ya koma kan kusoshi huɗun da suka riƙe bututun a jikin turbo. Robobin rataya ka sa sababbi duka. Inci 3 kuma yana cin wuri, in ba a ɗaga shi da kyau ba zai riƙa bugun ƙarfen ƙafar baya, kuma tudun rage gudu na cikin unguwa zai riƙa gaisawa da shi. Faifan da ke kare tankin mai daga zafi kada wanda ya yar da shi.

GTI_Birnin_Tarayya:

Baba, na karɓi maganar mai, ni ma ina zuba maganin ƙara oktan duk cikon tanki, kuma kuɗi ne ba kaɗan ba tun da aka cire tallafi a 2023. Gunjin ma akwai shi, ban musa ba, ni dai ba ni da iyali tukuna, ni kaɗai nake hawa. Amma har yanzu ina ganin in zai kashe kuɗi sau ɗaya, gara ya sa katbak mai inci 3 yanzu, ko da mai rezoneta ne. In ya samu mai tunin na kirki nan gaba, bututun farko kawai zai canza, ba sai ya sake sayen na baya ba.

Mai_Golf_Shida:

Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Ya ƙara wa iyaye lafiya. Baba, maganar da ta fi tsaya mini ita ce shekara biyun nan. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Wani abokina yana da irin tawa da indominta lafiya lau, mun sha jerawa a hanyar Wudil, ban taɓa barin sa a baya ba.

Jiya da yamma na koma gareji. Na ɗaga kafet ɗin but, takardar da ke manne kusa da sifiya ta nuna CBFA, muka leƙa ƙasa muka ƙirga sensa uku. Da na yi gaggawar aika wa ƙanina kuɗi ya haɗo har da bututun farko, da yanzu wata maganar ake. Na kuma bi robar ƙofar but da yatsa, ta ɓangaren hagu ta tsage kusan tsawon taƙi, na sa an nemo wata. Yaran ba za su sake shiga motar ba sai an gama aikin nan, a motar yayana za su bi mu wannan satin.

Ga inda na tsaya. Gaba zan nemi bututun kamfani mai indomi, na CBFA, kwamfuta kuma ba zan taɓa ta ba. Baya zan bi shawarar ɗan'uwa na Abuja rabi: inci 3, amma da rezoneta da tukunyar baya. Fentin zai jira, tayoyi ba za su jira ba, don haka na Ingila ya fita daga lissafi a bana. Malam mai walda, zan shigo Kaduna ranar Litinin in sha Allah, zan turo maka saƙo ta akwatin sirri, ina so in ga gwiwoyin da irin tukunyar da kake sawa, kuma in akwai wata Golf da ka yi wa aiki ina so in zauna a bayanta kamar yadda Direban Dare ya ce.

Saura abu ɗaya, Baba. Gobe zan shiga Ƙofar Ruwa. Na san zan haska tocila in ga saƙar zumar tana nan, zan kuma girgiza in ji ko wani abu na kaɗawa a ciki. Bayan waɗannan biyun, da me ake gane indomin da ya riga ya mutu alhali a ido lafiyarsa ƙalau? Kuma ya dace in nemi mai shagon ya yarda in ɗaura in yi kwana nawa ina hawa kafin ciniki ya faɗa, tunda wutar cek ba a ranar take dawowa ba?